Darasin Kiwo: Allurar Kwantar da Doki da Awon Matsin Ido

Wannan darasi na masu dawaki ne, da yaran barga, da 'yan sa-kai masu duba lafiyar dabbobi a Kongolam da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ana iya karanta shi a ƙungiya, mutum ɗaya yana karantawa saura suna saurare. Ƙungiyoyin ikkilisiya suna iya buɗe taro da karatun Karin Magana 12:10, amma abin da ke ciki na kowa ne, domin ciwon ido ba ya tambayar addinin mai doki.

A ƙasar Daura doki ba abin hawa ne kawai ba. Shi ake fita da shi Hawan Sallah da Hawan Magajiya da bikin Sallar Gani, shi ake kilisa da sukuwa da shi, kuma a gidaje da yawa shi ne dukiyar da ta fi kowace tsada a turke. Ran Lahadi in mutum ya je kasuwar Mai'adua, zai ga yadda masu saye ke fara duba ido kafin su duba haƙori. Dokin da ya rasa ido ɗaya kuɗinsa ya faɗi warwas, kuma a cikin cunkoson hawa yana iya zabura daga ɓangaren da ba ya gani, ya kayar da mahayi ko ya take yaro.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare. Idon doki ya kama ciwo, an aika a kira likitan dabbobi, sai mai doki ya ce bari ya rage wa likita aiki. Kafin likita ya iso ya riga ya sa an yi wa dokin allurar kwantarwa, wadda aka saya a kasuwa. Niyyarsa kyakkyawa ce. Amma wannan allura tana taɓa ainihin abin da likita ya zo aunawa, har ta sa ido mai ciwo ya nuna lamba irin ta mai lafiya.

Ruwan da ke cikin ido

Ƙwayar idon doki tana cikin mafi girma a dabbobin da ke tafiya a kan tudu, faɗinta ya kusa santimita 5. Tana gefen kai, ta ɗan fito waje, shi ya sa doki ke ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya ba. Wannan fitowar ita ce kuma ke jawo masa tsiya: ƙaya, karan dawa, bakin bulala, ƙurar hunturu, duk suna samun idon cikin sauƙi.

A gaban ido, bayan wannan fili mai sheƙi kamar gilashi, akwai wani ruwa garai-garai. Ba hawaye ba ne. Hawaye a waje yake, wannan kuwa a ciki yake. Ido ne ke yin sa dare da rana, yana ciyar da sassan da jini ba ya kaiwa, sannan ya tsiyaye ta wasu ƙananan hanyoyi ya koma cikin jini. Muddin abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, ƙwayar ido tana nan a cike daidai, ba ta lotsa ba, ba ta yi tauri ba. Ƙarfin da wannan ruwa ke tura bangon ido da shi, shi muke kira matsin ido.

Ana auna shi da milimita na zaiba, ma'aunin da ake auna hawan jini da shi a asibiti. A doki mai lafiya lambar tana kaiwa daga wajen 17 zuwa 28. A mutum kuwa daga 10 zuwa 21 ne.

In hanyar fitar ruwan ta toshe, matsi ya hau. Wannan shi ne gilakoma, wanda mutanenmu ke kira hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba, ruwa ne. Matsin yana danne jijiyar gani a bayan ido, yana kashe ta sannu a hankali, kuma abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. A doki alamunsa su ne gaban ido ya yi hazo mai shuɗi-shuɗi, wani lokaci da 'yan layuka farare a kwance, ƙofar tsakiyar ido ta buɗe ta ƙi tsukewa ko a rana, daga baya ƙwayar ta fi 'yar'uwarta girma. Sau da yawa doki ba ya nuna zafi sosai, sai abu ya yi nisa.

Akwai kuma wani ciwon da ya fi wannan yawa a dawaki, wato kumburin cikin ido mai tafiya ya dawo. Turawa na dā sun danganta shi da wata, don ya kan lafa ya sake tashi. Yau an san cewa a dawaki da yawa yana da alaƙa da ƙwayar cutar leftosfaira, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓeraye ko na wasu dabbobi ya gurɓata. A wannan ciwo doki yana runtse ido, yana zubar da hawaye, yana gudun haske, ƙofar tsakiyar ido ta tsuke, matsi kuma ya sauka ƙasa. Bayan ya yi ta dawowa, tabon da ya bari yana iya toshe hanyar ruwa, sai ya rikiɗe ya zama gilakoma. Yawancin gilakomar doki ta nan take zuwa.

Kun ga ke nan ciwo biyu ne masu kama da juna ga mai kallo daga nesa, ɗaya matsi ya hau, ɗaya ya sauka. Maganinsu ma ya sha bamban. Atrofin, maganin ɗigawa da ake buɗe ƙofar ido da shi a kumburi, ba a son sa a idon da matsinsa ya hau. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai bai sani ba. Sai an auna.

Yadda ake awo, da dalilin allura

Likita yana amfani da 'yar na'ura mai kama da babban alƙalami, irin su Tono-Pen ko TonoVet. Yana taɓa gaban ido da bakinta a hankali sau da yawa, ita kuma ta nuna lamba. Ba kowane asibitin dabbobi ne ke da ita ba, shi ya sa in ta samu bai kamata a ɓata awon ba. Danna ido da yatsa ta saman fata ba awo ba ne, kuma in akwai gyambo mai zurfi a gaban idon, dannawa na iya fasa shi.

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin buɗe idon ingarma mai ciwo ya san aikin. Naman fatar idonsa yana da ƙarfin gaske. Zai matse ido, ya fizge kai, ya ɗaga ƙafa. Matsewar da kokawar duk suna ƙara lambar da na'ura za ta nuna. Saboda haka sau da yawa dole a kwantar da shi.

Allurar da aka fi sani ita ce zailazin. Kamfanin Bayer na ƙasar Jamus ne ya haɗa ta a 1962, sunanta na kasuwa da ya fi shahara shi ne Rompun. Akwai 'yar'uwarta detomidin, wadda ake sayarwa da sunan Domosedan, ta fi ta daɗewa a jiki. Akwai kuma asefromazin, wadda aikinta daban ne. In an yi zailazin a jijiya, cikin minti biyu zuwa biyar doki zai sunkuyar da kai, leɓen ƙasa ya saki, ya buɗe ƙafafu ya tsaya kamar mai gyangyaɗi. Ƙarfinta yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya fara sakinsa.

Abin da allura ke yi wa lambar

A 1995 wasu likitocin dabbobi a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi a kan dawaki masu lafiya. Sun auna matsin ido, suka yi allurar zailazin a jijiya, suka sake aunawa. Matsin ya sauka da kashi 23 zuwa 27 cikin 100, wato kusan rubu'i. A gwajin nan sun duba wata allurar kuma, ta kashe jijiyar da ke motsa fatar ido, wadda ake yi a kusa da kunne don doki ya daina matse ido. Ita wannan ba ta canza lambar ba. A 2012 an buga wani gwajin a kan detomidin, aka ga ita ma tana sauke matsi da wajen maki 4. Asefromazin ma an daɗe da sanin tana sauke shi.

Masana suna danganta wannan da abubuwa kaɗan: naman da ke riƙe da ƙwayar ido yana saki, bugun zuciya yana raguwa, kuma irin waɗannan magunguna suna rage yawan ruwan da ido ke yi.

Bari mu yi lissafi a kan misali. A ce matsin idon wani doki ya kai 34, wato ya wuce iyaka, yana bukatar magani. An yi masa allura a ɓoye kafin likita ya zo. In matsin ya sauka da rubu'i, na'ura za ta nuna 25 ko 26. Wannan lamba tana cikin ta masu lafiya. Likita bai san an yi allura ba, sai ya ce matsi lafiya lau, ya ba da maganin ƙura da ƙuda, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Bayan 'yan sa'o'i allura ta sake shi, matsi ya koma inda yake, jijiyar gani ta ci gaba da mutuwa. Wata uku ko huɗu sai a ga ido ya yi fari, a ce maganin likita ba ya aiki.

Haka kuma ta ɗaya gefen. Doki mai lafiyar matsi, a ce 20, allura ta sauke shi zuwa 15, likita ya ga kamar kumburin ciki ne ke farawa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to ai an samu maganin gilakoma, tunda allura na sauke matsi. Saukar ta ɗan lokaci ce, ba ta buɗe hanyar da ta toshe ba. Maganin gilakoma na ɗigawa ne kullum, irin su timolol da dozolamid, kuma likita ne ke zaɓa. Amfanin allurar a wajen ido shi ne ta tsayar da doki a duba shi, kuma a idon da ke gab da fashewa, nutsuwar da take kawowa tana iya ceton sa.

Kan da ya sunkuya

Ga wani abin da ya fi ban mamaki. Allurar da ke sauke matsi ita ce kuma ke sa doki ya saukar da kai har kusa da ƙasa, saukar da kai kuwa yana ɗaga matsi. In kai ya yi ƙasa da zuciya, jini yana taruwa a jijiyoyin kai, ruwan ido ya rasa sauƙin tsiyayewa. Duk wanda ya daɗe a sunkuye yana cirar gyaɗa ya san yadda fuska ke yin nauyi.

A 2006 masu bincike na Jami'ar Pensilbaniya sun buga awon da suka yi wa dawaki 30 da aka kwantar da detomidin. Da kai a sama, matsakaicin matsi 17.5 ne. Da kai a ƙasa da zuciya, ya kai 25.7. Doki ɗaya, rana ɗaya, allura ɗaya, bambancin maki 8. A cikin idanu 60 da aka auna, kashi 87 cikin 100 sun nuna wannan hawa.

To, ga abu biyu suna ja-in-ja, ɗaya na saukewa, ɗaya na ɗagawa. Wani zai ce ai sai su kashe juna a samu daidai. Ba haka ba ne, domin ba wanda ya san nawa wannan ya rage, nawa wancan ya ƙara a wannan dokin. Abin da ake yi shi ne a cire ɗaya daga lissafi. A tallafe kai ya zama sama da ƙirji, a jira ɗan lokaci, sannan a auna. Sauran tasirin allura kuma likita ya san shi, zai sa shi a lissafinsa, in dai shi ya yi ta da hannunsa ko an gaya masa gaskiya.

A nan ne yaron barga yake da babban aiki, kuma a ganinmu ba a cika ba shi girman da ya kamata ba. Shi ne zai ɗora haɓar doki a kafaɗarsa, ko a kan buhunan dusa da aka jera, ko damin harawa. Kada ya ɗaga kai da jan ragama, kada igiya ta shaƙe wuya, domin danne jijiyar wuya ma yana ƙara matsin ido. Kada ya taimaka da bankare fatar ido da yatsu sai an ce ya yi. Kuma ya tsaya a gefe, kusa da kafaɗa. Dokin da aka yi wa zailazin yana kama da mai barci, amma yana iya yin harbi ba zato, cikin ƙiftawar ido, in an taɓa shi ta baya.

Haɗarin kwalbar kasuwa

Da gangan ba mu rubuta yawan allurar da ake yi ba a wannan darasi. Kongolam bakin iyaka ce, kan hanyar Matamaye da Damagaram, magungunan dabbobi suna shigowa daga ko'ina, wasu da rubutun Turanci, wasu da na Faransanci, wasu rana ta dafa su a kan tebur. Zailazin tana zuwa da ƙarfi iri biyu: mai miligiram 20 a kowace mililita, da mai miligiram 100. Kwalaben suna iya kama da juna, amma ɗaya ta ninka ɗaya sau biyar. Wanda ya saba da mai rauni ya ja irin wannan awon daga mai ƙarfi, ya ba doki abin doki biyar.

Shanu kuwa sun fi doki jin wannan magani kusan sau goma. Awon doki yana iya kashe sa, kuma a saniya mai tsohon ciki yana iya jawo ɓari. Masu shanun huɗa su riƙe wannan. Awon jaki ma ba ɗaya yake da na doki ba.

A jikin doki kansa, zailazin tana rage bugun zuciya, tana rage motsin hanji, tana sa gumi da yawan fitsari. Kada a ba shi harawa ko dusa sai ya warware sarai, don yana iya shaƙewa. A bar shi a inuwa. Asefromazin tana da nata haɗarin ga ingarma: tana sa gabansa ya fito ya saki, wani lokaci ya ƙi komawa, ya kumbura, doki ya nakasa. Tunda yawancin dawakin hawa a ƙasarmu maza ne da ba a dandaƙe ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ga mutum ma guba ce. Ba a yarda a yi wa ɗan Adam zailazin ba, tana iya tsayar da numfashi. A Amurka masu sayar da ƙwaya sun riƙa gauraya ta da fentanil, har a watan Afrilu na 2023 gwamnatin ƙasar ta ayyana haɗin a matsayin barazana ga al'umma. Iyaye su lura kada kwalbar ta kwana inda matasa ko yara za su kai hannu. In allura ta soki mutum bisa kuskure, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar, kada ya tuƙa babur da kansa.

Kafin likita ya iso

A ɗaure doki a inuwa, nesa da ƙura da hayaƙi. In akwai kwantsa, a goge da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, ba tare da danna ƙwayar ba. A rufe fuskar da yadi mara nauyi don ƙuda da haske. Kada a zuba gishiri, ko sukari, ko garin taba, ko kwalli. Kada kuma a shafa man ido na mutane da aka saya a kemis. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin sitiroid, irin su deksametazon, wanda in ya haɗu da gyambo a gaban ido yana hana shi warkewa, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ido ya narke cikin 'yan kwanaki. Likita yana da wani rini mai ruwan ganye da yake ɗigawa ya ga ko akwai gyambo kafin ya zaɓi magani.

In kun ga ramin da ke saman ido ya cika ya kumbura a ɓangarori biyu, ga zazzaɓi, ga wahalar numfashi, musamman da damina ko bayanta, to wannan ba ciwon ido ba ne. Alama ce ta annobar dawaki da ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke yaɗawa. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma da gaggawa.

In kuwa an riga an yi allurar, ba abin kunya ba ne a faɗa. A gaya wa likita sunan maganin, da yawan abin da aka ja, da lokacin da aka yi, a nuna masa kwalbar. Yana iya jira, ko ya dawo washegari. Asarar kuɗin mai ta fi asarar ido sauƙi.

Tunda muna maganar matsin ido, bari mu tuna da masu dokin su ma. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kimanin mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da gilakoma, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna suna cikin wuraren da ake wannan awo. Dattijon da ya damu da idon dokinsa ya je a duba nasa.

Takardar doki

Matsin idon doki mai gilakoma yana hawa yana sauka ko a cikin yini ɗaya, don haka awo guda ba ya yanke hukunci. Ana auna idanu biyu a kwatanta, ana kuma sake aunawa bayan kwanaki. Kwatancin ba zai yi amfani ba sai an yi awon a hali iri ɗaya. In yau an auna da allura da safe, kai a kan buhu, mako mai zuwa aka auna ba allura da yamma, kai a ƙasa, lambobin biyu ba sa magana da juna.

Saboda haka kowane ɗan sa-kai ya samo littafi mai ganye arba'in, ya ware wa kowane doki shafi. A rubuta kwanan wata da lokaci, lambar idon dama da ta hagu, ko an yi allura ko ba a yi ba, wace iri, minti nawa tsakanin allura da awo, da yadda aka riƙe kai. In ciwon ya fi ƙarfin likitan gida aka tura doki asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya ko Sakkwato, wannan shafi shi ne abin da likitocin can za su fara tambaya.

A taron ƙungiya na gaba a zo da doki ɗaya mai sanyin hali, ko jaki in doki bai samu ba. Kowa ya gwada tallafe kai a kan buhu ba tare da shaƙe wuya ba, ya nuna inda zai tsaya don kada harbi ya same shi. Wanda yake da kwalbar allurar kwantarwa a gida ya zo da ita, a karanta ƙarfinta, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewarta tare.